Tambaya Da Amsa: Tsohon Silin Asbestos, Me Za A Yi Kafin A Ɗaga Guduma?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni huɗu na ɗauko kuma duk a kan abu ɗaya suke, wato asbestos, wannan farin silin mai ƙafa huɗu-huɗu da da yawanmu muka taso muna kallo a saman kanmu a gidajen kwatas da azuzuwan makaranta. Ta farkon ce za ta ci mana wuri don ita ce mai gaggawa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Don Allah gidan gadonmu ne a Kaduna, mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya gina shi tun wajen 1982, yanzu bikin 'yata saura wata biyu shi ne nake so a ɓalle tsohon silin a sa POP kafin baƙi su zo, mai aikin ya ce kwana biyu ya ishi yaransa su farfasa su kwashe. To ƙanina da ke karatun likita ya ce wai asbestos ne yana sa kansa kar a taɓa, ni kuma shekara arba'in muna kwana a ƙarƙashinsa ba abin da ya same mu. Wa zan bi?
Daga wata uwar amarya, Kaduna

AMSA: Hajiya Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ki bi ƙaninki, amma ke ma ba ki yi ƙarya ba. Silin da ke zaune lafiya, bai tsage ba, ba ya zubar da gari, an yi masa fenti, kusan ba ya sakin komai, shi ya sa kuka yi shekara arba'in lafiya lau. Kalmar da ta tayar min da hankali a saƙonki ita ce "su farfasa". Nan ne matsalar take.

Shi asbestos ma'adini ne, daga ƙasa ake haƙo shi kamar yadda ake haƙo kuza, sai dai shi zare-zare ne, ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ga arha, shi ya sa aka riƙa cakuɗa shi da siminti ana yin silin da kwanon rufi da bututun ruwa. A irin wannan allon yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A ƙasar nan an yi masana'antunsa a Ikeja da Sapele da Inugu da Kano da Bauchi, don haka gidan da aka gina a 1982 da farin silin irin wannan, ki ɗauka shi ne har sai gwaji ya ce ba shi ba ne. Muddin zaren na daskare cikin siminti shi kenan, amma da an sa guduma ko zarto ko giranda sai ya tashi sama, kuma ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa tari nan take, zai yi awanni yana yawo a iskar ɗaki ya sauka kan labule da katifa da kafet, gobe yarinya ta zo da tsintsiya ta sake tayar da shi. In ya shiga huhu kuwa jiki ba ya iya narkar da shi. Yana nan zaune shekara 20, 30, har 40 kafin ciwo ya bayyana, ko huhu ya ƙandare mutum ya kasa jan numfashi, ko kansar huhu, ko wata kansa ta fatar da ta lulluɓe huhu da ake kira mesoteliyoma wadda kusan duk inda aka gan ta asbestos ne sila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara sanadin shaƙarsa a wurin aiki.

Na taɓa shiga wani gida ana irin wannan aikin da hunturu, wallahi har yau abin bai bar raina ba. Yara uku matasa, ɗaya a kan tsani da guduma yana dukan silin yana zubowa, biyu a ƙasa suna lodawa a baro, gashin girarsu fari fat kamar an barbaɗa musu garin rogo, babu mai ko ƙyalle a hanci, ga ledar gurasarsu a buɗe a kan taga, ga yaran gidan sun tsaya bakin ƙofa suna kallo ƙaramin ma ya ɗauki guntu yana zane da shi a bango kamar alli. Maigidan mutumin kirki ne, bai sani ba ne kawai, mai kwangilar ma bai sani ba.

To abin yi. Kafin komai a zagaya gidan a duba, ɗaki-ɗaki, da takarda da biro, ba silin kaɗai ba. A duba rufin gareji da na bayi da ɗakin baya ko kwanon siminti ne mai tudu-tudu, a duba tsofaffin bututu, da tsohon tayil ɗin roba na ƙasa da baƙin gam ɗin da aka liƙa shi da shi, da allon da ke bayan mita ko fis. A rubuta ina yake, lafiyarsa lau ko ya tsage, kuma aikin da za a yi zai taɓa shi ko ba zai taɓa ba. Abu ɗaya da ke rikita mutane, a kasuwanninmu duk farin allon silin "asbestos" ake ce masa har da na baya-bayan nan da kamfanoni suka koma yi da wani zaren daban, kuma da ido ba mai iya bambance su, ko ni ko kafintan da ya shekara talatin yana aiki. Ɗan guntu ake ɗauka a jiƙe a ƙulle a leda a kai ɗakin gwaji a duba a na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Ki sa ƙanin naki ya tuntuɓi ofishin NESREA, wato hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ko ma'aikatar muhalli ta jiha, ko sashen nazarin duwatsu na jami'a don su ma'adini ne aikinsu. In gwajin bai samu ba, a yi aiki da shi a matsayin asbestos, ba a yi asarar komai ba.

Ra'ayina tsakani da Allah, in silin nan lafiyarsa ƙalau, ki bar shi. A shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma, kar a kankare, kar a goga masa samfefa, a yi masa fenti hannu biyu, falonki zai yi fes ranar biki. Ba a fafe gora ranar tafiya Hajiya, wata biyu da hidimar kayan ɗaki da gara da anko ba lokacin da za ki tsaya kan ma'aikata ba ne, kuma gidan da jikoki da 'yan jarirai za su cika shi ne za a bulbula wa wannan ƙura.

In kuma ya lalace dole sai an cire, to cirewa ake yi ba fasawa ba. A kwashe komai daga ɗakin har labule, mutanen gida su bar sashen, a kashe wuta daga mita tukuna don za a yi amfani da ruwa, ba fanka ba AC, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa a toshe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna. A fesa ruwa da ɗan garin sabulu a jikin allon ya jiƙu, a ɓamɓare siraran katakan da suka danne gefensa, a zare ƙusa, mutum biyu su sauko da shi sukutum guda, a naɗe a leda ninki biyu a ɗaure a rubuta a jiki. Takunkumin da ke aiki shi ne mai lamba FFP3 ko P3, wancan shuɗin na lokacin korona da rawani da hankici duk ba sa tare shi. Bayan an gama ba shara da tsintsiya, jiƙaƙƙen tsumma ne shi ma a jefa cikin ledar. Kayan da suka sa kar su tafi da su gida, don a ƙasashen da aka bi diddigin cutar an samu matan da ba su taɓa taka masana'anta ba amma suka kamu saboda kakkaɓe kayan aikin mazajensu da wanki. Aikin zai ɗauki fiye da kwana biyu kuma kuɗin zai ƙaru, ki biya, ki sayi takunkumin da kanki ki ba su. Yaran nan 'ya'yan wasu ne, kuma ranar da ciwon zai taso ba wanda zai tuna a gidan wa suka shaƙa.

TAMBAYA: Injiniya ni kafinta ne a Kano shekara ashirin da wani abu ina buga silin ina yanka shi da zarto, karatun nan da nake ji ya tsorata ni. Amma kullum in mun tashi aiki muna shan madarar gwangwani ta wanke ƙirji kamar yadda ogana ya koya mana, ya wadatar? Kwanan nan ina ɗan haki in na hau bene.
Daga wani kafinta, Kano

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya ba ka lafiya. Maganar madara ka cire ta a lissafi, madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce, ba abin da take wankewa. Na san kusan duk masu aikin ƙura haka aka koya musu, har masu fasa dutse da masu fenti, amma ba gaskiya ba ne.

Haki yana da dalilai da yawa, zuciya, asma, hawan jini, ƙarancin jini, kar ka yanke wa kanka hukunci, ba duk wanda ya yi aikin ne ke kamuwa ba. Amma ka je babban asibiti a wannan satin, kar ka tsaya kemis, kuma da bakinka ka ce wa likita "shekara ashirin ina yanka asbestos", don in ba ka faɗa ba ba lallai ya tambaya ba, a nan wurinmu in aka ga tari da rama da haki tunani tarin fuka yake fara tafiya. A yi maka hoton ƙirji da gwajin ƙarfin numfashi. In kana shan taba ka ajiye ta yau, taba da asbestos in suka haɗu haɗarin kansar huhu ninkuwa yake yi sosai fiye da kowannensu shi kaɗai. Sannan yaran shagonka, kai ne ogansu yanzu, abin da ka koya musu shi za su yi shekara ashirin masu zuwa. Tsohon allo kar a sa masa giranda ko dirila, haka mai wayarin da ke huda silin zai rataya fanka shi ma ka ja masa kunne.

TAMBAYA: Ina zaune a Ingila, mun sayi gida ginin 1970 da wani abu, mai gyaran kicin ya ce ba zai taɓa bango ba sai an kawo masu binciken asbestos an biya su daban. Anya ba hanyar cin kuɗi ba ce?
Daga wani mai karatu, Manchesta

AMSA: Ba cuta ba ce Alhaji, mutumin ya san aikinsa. Shi asbestos kala-kala ne, Ingila ta hana shuɗin da mai launin ruwan ƙasa a 1985, farin kuma sai 1999, don haka duk ginin da ya riga shekarar 2000 ana ɗauka zai iya kasancewa da shi, kuma dokarsu ta 2012 ta ɗora wa mai aiki nauyin ya san ko akwai shi kafin ya sa ma'aikatansa. Har yanzu kusan mutum 5,000 yake kashe musu duk shekara, da yawansu kafintoci ne da masu famfo da masu wayarin. Binciken iri biyu ne, akwai na lura da gini ana zaune a ciki, akwai na gyara da rushewa wanda ake huda bango a ɗaga dabe a leƙa inda ido ba ya kaiwa, naka na biyun ne, kuma iya inda aikin zai taɓa za a yi. Gidajen wancan zamanin a can yana ɓuya a fentin silin mai gurji-gurji irin Artex, da tayil ɗin ƙasa, da allon da ke kewaye da tukunyar ɗumama gida, wannan na ƙarshen ya fi namu na siminti haɗari sosai don da ɗan taɓawa yake dagargajewa. Ka nemi kamfanin da ke da shaidar UKAS, wato hukumar da ke tantance irin waɗannan kamfanoni a can, ka karɓi rahoton a rubuce ka adana, ranar sayar da gida zai yi maka amfani.

TAMBAYA: Rufinmu na asbestos ne muna tarar ruwan sama muna sha, akwai matsala? Sannan akwai ɓaraguzansa a bayan gida ina so in yi wa kaji akurki, saura in cike ramin ƙofar gida.
Daga wata mai karatu, Bauchi

AMSA: 'Yar'uwa batun ruwa da sauƙi, cutar asbestos ta hanyar shaƙa aka tabbatar da ita, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta samu tsayayyar hujja cewa shansa a ruwa na cutarwa ba. Ki dai bar ruwan farko ya wanke rufin, ki tace ki tafasa saboda kashin tsuntsaye da datti. Kar kuma a hau rufin a kankare gansakuka da burushin ƙarfe, ga tayar da zare ga shi tsohon kwanon siminti yana burmawa da mutum.

Ɓaraguzan kuwa a'a, duka biyun. Kaji za su yi ta tono suna caccaka, ke kuma ki zo da tsintsiya kullum safiya. Ramin ƙofar gida ya fi muni, mota da babur da a-daidaita-sahu za su niƙe shi ya zama gari, iskar hunturu ta raba wa unguwa, kuma nan ne yara ke wasan ƙasa. Ki yayyafa musu ruwa, a tsince da hannu ba tare da an ƙara karyawa ba, a zuba a buhu mai leda ninki biyu a ɗaure bakin, a ajiye inda yara ba sa zuwa, kar a ƙona kar a ba 'yan bola jari, sai ki tambayi hukumar muhalli ta jiharku inda suke so a kai a binne. Ramin kuma ki sa a kawo miki baro biyu na jar ƙasa.