Ƙanina mai lamba biyar, kada a sayar da filin Hajiya

Assalamu alaikum ƙanina. Saƙonka na murya ya iso tun daren Laraba, har da bidiyon nan mai minti 6 da aka haɗa maka. Kai ne na huɗu da ya aiko mini irin wannan daga Kano tun bayan ƙaramar Sallah, shi ya sa zan ba ka amsa a fili don sauran ma su ji. Ka ce wani mutum ya ga wasanka a Filin Mahaha, ya yi alkawarin kawo ka gwaji nan Fotugal idan an ba shi naira miliyan 4 na biza da jirgi da masauki, kuma Hajiya ta yarda a ɗaga filinta na Rimin Kebe. Kana so in duba maka, in kuma tarbe ka a filin jirgi.

Kada a sayar da filin nan. Ko za ka ji haushina shekara guda, na yarda.

Ni ma ta wannan ƙofar na fito, shekara 11 ke nan. Nawa mutumin har gida ya zo, ya durƙusa ya gaida mahaifina, ya ci tuwonmu. Shanun gado biyu da kekunan ɗinkin yayata aka haɗa aka ba shi. Da muka sauka, ya ajiye mu mu biyar a ɗaki ɗaya na wani ƙaramin masauki, ya ce zai je ya gana da shugaban kulob ya dawo. Kwana tara muna jiran ƙarar ƙofa. Ranar na goma mai masaukin ta hau sama da takardar bashi, ta nuna mana jakunkunanmu ta nuna titi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kiran da mahaifiyata ta yi a daren, tana tambaya ko na fara wasa. Na ce mata eh. Har ta koma ga Allah ban iya gaya mata inda na kwana a makon nan ba.

Ga abin da ba wanda ya gaya mini. Kulob ɗin da yake son ka da gaske shi yake aiko da takardar gayyata da sunanka da ranakun gwajin, kuma yawanci shi yake ɗaukar nauyin zuwanka. Wakilin 'yan wasa na gaskiya yana da lasisin FIFA, tun 2023 ma sai an ci jarrabawa ake samu, kuma ladansa yana fitowa ne bayan an sa hannu a kwantiragi. Bizar da mutumin nan zai samo maka ta yawon buɗe ido ce, kwana 90 kacal, ba ta ba ka damar aiki. Ranar da ta ƙare ka zama marar takarda, kuma babu kulob mai mutunci da zai yi maka rajista. Sannan ka ce shekarunka 17. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan halaye da ba su shafe ka ba. Ahmed Musa kansa, da ya ci ƙwallo 18 a Pillars ya zama sarkin raga na gasar Najeriya, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Wa mutuminka ya fi ƙarfi da zai tsallake wannan?

Na kalli bidiyonka sau uku. Kana da tsawo, kana da zuciya, kanka yana da kyau a sama. Amma duk minti shidan nan zamiya ce da shara da doka ƙwallo can gaba, 'yan kallo na ihu. Irin wasan da ni ma na zo da shi ke nan, ina taƙama da shi. Da Allah Ya haɗa ni da wani ƙaramin kulob a arewacin ƙasar nan bayan wata bakwai ina wankin kwanuka, a atisayen farko na kwanta na share wani ɗan gaba, na miƙe ina jiran yabo. Kocin ya busa usur, ya kamo hannuna ya mayar da ni taku huɗu baya, ya nuna mini inda ya kamata in tsaya tun kafin a bugo ƙwallon. Ya sa aka fassara mini cewa duk ɗan bayan da wandonsa ya yi datti, to ya makara ne. A nan so ake ka karɓi ƙwallo daga hannun gola ɗan gaba yana hura maka wuta, ka ɗaga kai ka ba ɗan tsakiya a ƙafa, da dama da hagu. Mu kuwa a filin ƙasa muka tashi, inda ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, kowa ya koya mana cewa tsira ita ce a kore ta nesa.

Sai kuma harshe, wanda ba ka ko ambata ba. Ɗan gaba zai iya zuwa bebe ya ci ƙwallo a so shi. Lamba biyar, wato ɗan bayan tsakiya irinka, da baki yake aiki, shi ke jan layi, shi ke tsawata wa lamba biyu da lamba uku. A wasana na biyu abokin tsarona ya yi ta ihu yana cewa "sai, sai", wato da harshensu a fito gaba a kama su da satar gida. Kunnena ya ji Hausa, na tsaya ina jiran ƙarashen magana. Kowa ya fita sai ni, ɗan gabansu ya bi ta bayana ya ci mu. Wata biyu na yi a benci saboda kalma ɗaya.

Ka ce kana so ka zama kamar Zaidu Sanusi. Madalla, amma ka dubi tsanin gaba ɗaya. Yaron Jega ne, ya zo Gil Vicente, aka tura shi Mirandela, wani gari a lungun arewa maso gabas mai sanyin da ke shiga ƙashi, ya yi shekaru a ƙaramar gasa. Sai 2019 ya samu Santa Clara, 2020 ya shiga Porto, 2022 ya ci ƙwallon nan a gidan Benfica da ta ba Porto kofin gasa. Jamilu Collins na Kaduna ya sha yawon aro a Kuroshiya da Sulobeniya kafin ya je Paderborn a 2017, tana rukuni na uku a Jamus, suka hau tare har Bundesliga a 2019. Ya koma Cardiff a 2022, ko wata bai rufa yana wasa ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Ni ma gwiwar ce ta gama da ni ina ɗan shekara 26, kuma ba ni da inshorar da yake da ita.

Wanda na fi so ka duba shi ne Shehu Abdullahi, don a gabanka ya yi wasa a filin ƙwallon Ƙofar Mata. Daga Pillars aka kira shi tawagar 'yan gida, suka zo na uku a gasar CHAN ta 2014 ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi. Daga nan Qadsia ta Kuwait ta ɗauke shi, sai Fotugal, sai Sayifurus, sai Bursaspor ta Turkiyya. Ya ci tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya je Kofin Duniya na 2018 a Rasha. Kulob ne ya miƙa shi ga kulob, da takardar sauya sheƙa da sunansa a rajista. Pillars ɗin nan, Masu Gida, sun ci gasar Najeriya sau huɗu, sun kai kusa da ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan sun fitar da Al Ahly. Amma ku yaran yanzu kuna ganin buga gasar gida kamar faɗuwa ce. Kai ko rukuni na ƙasa ba ka taɓa bugawa da rajista ba, me mai neman 'yan wasa zai karanta a kanka?

Ban ce ban samu komai ba. Yau ina da takardar zama, ina da shaidar horarwa da na zauna na ci jarrabawarta da harshen mutanen nan, ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 13 da yamma bayan na tashi daga aikin sito. Na gina wa mahaifina ɗakuna uku a Kurna da gumina, na saya wa yayata keken ɗinkin da ya fi nata na da. Waɗanda suka ce na je na ɓace, yau su ke aiko mini lambar asusu. Amma cikin mu biyar ɗin nan na ɗakin masauki, ni kaɗai na taɓa sa rigar kulob a Turai, ɗaya kuma har yau iyayensa suna tambayata labarinsa.

Ka koma ka nemi gurbi a kulob mai rajista a nan Kano, ka buga kaka biyu cikakku. Ka riƙa ɗaukar bidiyon wasa na minti 90, a ga inda kake tsayawa lokacin da ƙwallo ba ta wajenka. Ka yi wa ƙafarka ta hagu aiki a jikin bango kullum da asuba. Kada ka yarda kowa ya taɓa shekarunka a fasfo, kuma ka ƙarasa sakandare.

Ka turo mini cikakken sunan mutumin da lambar lasisinsa da hoton takardar gayyatar da ya ce yana da ita, zan kira kulob ɗin da kaina. Ka gaida mini Hajiya, ka ce mata zan buga mata waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kada ta sa hannu a komai kafin nan.