Tambaya da Amsa: Allon Na'ura Ya Ce 50, Ɗakin Kula Ya Ce 40

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da na'urar sarrafa kwararar ruwa a layin masana'antarmu. Allon jikinta yana nuna lita 50 a minti, kwamfutar ɗakin kula kuma tana nuna 40. Wanne za mu gaskata, kuma ina za mu taɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin ɗora wa na'urar laifi. Allo yana nuna abin da ta auna ne kai tsaye. Ita kuwa PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injunan masana'anta tana aika awo ɗakin kula, ba ta ganin ruwa, wutar da ke zo mata ta waya kaɗai take gani, galibi daga 4 zuwa 20 mA (mA ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ne), sai ta fassara ta da iyakar da aka rubuta mata.

A ce an saita na'urar 4 mA sifili ne, 20 mA kuma lita 100. Lita 50 za ta fitar da 12 mA, wato rabi. In a PLC an bar iyakar a 80, rabin 80 ai 40 ne. Lambobinka sun yi kama da wannan sosai. Yakan faru ne idan an canza na'ura da wata mai girma dabam, aka manta da ɓangaren kwamfuta.

Kafin ka taɓa komai, mayar da layin sarrafawar hannu, don kada bawul ya bi siginar gwaji ya buɗe gaba ɗaya. Rubuta tsofaffin saituna a takarda. Sannan shiga saitin fitarwa ka duba abu uku: nau'in sigina, adadin da ke daidai da 4 mA, da wanda ke daidai da 20 mA. Dole su yi daidai da na PLC, har ma'auninsu. Kubik mita ɗaya a awa kusan lita 16.7 ce a minti, kuma a wasu na'urorin canza ma'aunin allo yakan taɓa iyakar sigina, don haka sake duba ta bayan kowane canji.

Yawancin na'urorin suna da wurin gwaji inda za ka tilasta musu fitar da 4, 12 da 20 mA. Cire waya ɗaya ka sa mitar auna wuta a tsakani, wutar ta ratsa ta cikinta. In akwai resista mai om 250 a bakin PLC, ba sai ka cire waya ba: auna a kanta, za ka ga 1, 3 da 5 V. Mita ta nuna daidai amma kwamfuta ta saɓa? Gyaran yana PLC. In kuma a 4 mA kwamfutar ta nuna kashi 20 cikin ɗari, an saita ta a 0 zuwa 20 ne maimakon 4 zuwa 20. Sifili tsaf a mita yana nufin waya ta tsinke ko babu wuta, kuma ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka fara daga 4 ke nan. A na'urorin da ke bin ƙa'idar NAMUR NE 43, wadda ta tsara yadda sigina ke nuna matsala, 3.6 mA zuwa ƙasa ko 21 zuwa sama kukan matsala ne, ba awo ba.

Tambaya: Lambar allonmu ba ta zama wuri ɗaya, kuma ko an rufe bawul sai ta riƙa nuna 0.3 ko 0.4, jimillar ruwan da ya wuce tana ta hawa.

Amsa: Matsala biyu ce. Ta rawar lamba, akwai saitin lafawa da ake kira dampin, ana ƙidaya shi da daƙiƙa. Fara da 2, in bai isa ba ka kai 5. Kada ka zarce ba dalili: in lafawar ta shafi siginar fita, labari zai riƙa isa ga mai sarrafawa a makare, bawul ya yi ta buɗewa da rufewa. Kuma dampin ɓoye rawar yake yi kawai. Duba ko iska na shiga bututu, ko wayar sigina na kwance kusa da wayar inbata, wato na'urar da ke sarrafa gudun injin lantarki. A yi amfani da waya mai ragar ƙarfe ta kariya, a haɗa ragar da ƙasa ta gefe ɗaya.

Ta biyun kuwa sifili ne ya goce. Kunna na'urar ta ɗumama kamar minti 30, bututu cike da ruwa, a rufe bawul na gaba da na baya, sannan a danna saitin sifili. In bawul ɗin yana yoyo ka saita a haka, kuskuren zai bi duk awon da za ta yi. Bayan nan sa iyakar yanke ƙaramar kwarara a kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, jimillar za ta tsaya.

Tambaya: Nakan sa adadin da nake so da maɓallan gaba, amma nan take ya koma yadda yake.

Amsa: Na'urar tana karɓar umarni daga ɗakin kula ta wayar sigina ne, shi ya sa ba ta jin maɓalli. Nemi saitin tushen umarni ka mayar da shi na allo. In ya ƙi canzuwa, an kulle shi da lambar sirri ko ɗan makunnin kariya da ke ƙarƙashin murfi. Ka sanar da ɗakin kula tukuna, domin daga lokacin umarninsu ba zai ƙara aiki a kanta ba har sai ka mayar.