Shin lambar ɗakina ce ta jawo mini kaɗaici da rashin ciniki?

Tambaya: Daga Bawku na zo Kumasi neman na kaina, na kama hayar ɗaki a Aboabo wanda aka rubuta 13 a ƙofarsa. Tun da na tare ciniki ya ja baya, kuma ba ni da abokin hira ko ɗaya. Wani ya ce mini lambar ce mai shu'umci. Shin in tashi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka wannan damuwa, amma kada ka tashi saboda lamba. Tsoron 13 camfi ne na Turawa, wanda galibi ake dangantawa da labarin Kiristoci na cin abincin ƙarshe na Annabi Isa, inda mutum 13 suka zauna a teburi ɗaya, kuma har yau dogayen benaye da yawa a Amurka ba sa kiran wani hawa da wannan lamba. A ƙasar Sin kuwa 4 ake gudu, a Italiya 17. Da sharrin a jikin lamba yake, da bai riƙa sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa ba. A wurinmu ma ranar 13 ga watan Musulunci ita ce farkon kwanaki ukun da ake son azumtarsu kowane wata, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya kore camfi.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarka shi ne rashin abokin hira, domin a ganina nan ne tushen matsalar. A 2008 Jennifer Whitson da Adam Galinsky sun wallafa bincike a mujallar Science da ya nuna cewa wanda yake jin al'amura sun kuɓuce masa ya fi saurin ganin alaƙa tsakanin abubuwan da babu abin da ya haɗa su. Baƙon da ya dawo daga kasuwar Kejetia da kayansa ba a saya ba, ya rufe ƙofa babu mai tambayarsa yadda ya wuni, dole zuciyarsa ta nemi abin ɗora wa laifi, kuma lambar tana gabansa safe da yamma. Ba kai kaɗai ba ne, don rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya ce kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici.

Sabo ba ya samuwa sai da yawan haɗuwa da mutane ɗaya a wuri ɗaya. Ka lizimci masallacin unguwarku maimakon yau nan gobe can, ka ɗan jinkirta bayan sallame salla ku gaisa da na kusa da kai. Ka nemi sarkin mutanenku a Zongo ka gabatar da kanka, ka halarci suna da jana'iza ko da ba ka san masu gidan sosai ba, domin wanda ya taya jera kujeru ba ya daɗewa a matsayin baƙo. Majalisar shayi ta dare ma ƙofa ce, matuƙar ta mutanen kirki ce, kuma sau da yawa a nan ake jin inda ciniki yake tafiya.

Idan kuwa barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwa ta ishe ka, kada ka jira sabo ya samu, ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a duba ka.