Me ya sa gero ke ƙin inuwar darbejiya amma yake son gindin gawo?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a wajen garin Marwa da ke arewacin Kamaru. Ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa tsiro ba ya girma sai da hasken rana. To, a gonata geron da ke ƙarƙashin darbejiya kullum a tsumbure yake, amma wanda ke gindin gawo ya fi na ko'ina kyau. Shi ma gawon ba itace ba ne?

Amsa: Malam, yaronka ya faɗi gaskiya. Ganye shi ne madafar tsiro. A cikin ƙwayoyin halittarsa akwai wani koren sinadari, kulorofil, mai kama hasken rana. Da wannan hasken ne ganye ke haɗa ruwan da saiwa ta jawo da iskar kabon da ke shiga ta ƙananan ƙofofin jikinsa, ya yi sukari, ya saki iskar oksijin da muke shaƙa. Darbejiya na cike da ganye duk damina, ta tare hasken, saiwoyinta kuma suna rabon ruwa da geronka. Dole ya tsumbure.

Gawo kuwa nasa tsarin a juye yake. Ruwa na sauka wajen watan Yuni sai ya kakkaɓe ganyensa, ya tsaya tsirara kamar busasshe, har a ce yana gaba da damina. Rana na ratsa rassansa ta sauka kan shuka, zafinta kawai ya ɗan ragu. Sai ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba, ya sake tofo. Ina yake samun ruwa da rani? Ka tuna yadda ake tona rairayin Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, a watan Maris, sama a bushe ƙamas, ƙasa da jiƙa. Doguwar saiwar gawo can take zuwa, mitoci da yawa ƙasa da inda ta gero ke tsayawa, shi ya sa ba su cika rikici kan ruwa ba.

Sauran sirrin taki ne. Gawo ɗan dangin wake da gyaɗa ne. In ka tuge gyaɗa ka duba saiwarta, za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle. Fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne. Ƙwayoyin bakteriya ne ke zaune a ciki, suna ɗebo naitirojin, sinadarin da tsiro ke buƙata don girma, daga iska su mai da shi abin da tsiro zai iya sha. Kashi 78 cikin 100 na iskar nan naitirojin ne, amma gero ba ya iya taɓa shi kai tsaye, abin da ke sa ka sayen buhun takin yuriya mai ɗauke da shi ke nan. Gawo ma yana da irin waɗannan ƙulle-ƙullen, musamman yana ƙarami.

A ganina dai abin da ya fi yi wa gonarka aiki shi ne lokacin zubar ganyen: yana faɗuwa daidai shuka, ruwan farko ya ruɓar da shi. Ga kuma shanu da awaki da suka wuni a inuwarsa duk bazara, suna tsintar 'ya'yansa masu lanƙwasa, suna zuba kashi da fitsari a wurin. Ko irinsa ma ya fi saurin tsirowa in ya bi ta cikin dabba, don ɓawonsa mai tauri ya yi laushi.

Saboda haka in ka ga ɗan gawo ya fito a kunya, kada garma ta bi ta kansa. Ka zaɓi reshe ɗaya miƙaƙƙe, ka sassabe sauran, ka kewaye shi da ƙaya. Darbejiyar kuma a rage mata rassa kafin ruwan shuka.