Windows Server a kwamfutar gida: Standard, Datacenter, ko a bar zancen?

Tambaya: Salam Malam. Ina da desktop HP na hannu, Core i5 ƙarni na 6, RAM 8GB, Windows 10 ce a kai. Tunda aka daina yi wa Windows 10 sabuntawa na so in koma 11 amma ta ƙi karɓa. Mai gyaran da nake kai wa ya ce in bari ya sa min Windows Server, wai ya fi ƙarfi kuma babu tarkace a ciki. Wanne zan ce ya sa, Standard ko Datacenter? Aikina dai Word ne da kallo da Zoom, sai yara su ɗan yi gem. Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ni dai shawarata kar ka sa ko ɗaya, kuma bari in faɗa maka dalili dalla-dalla don ka samu abin da za ka gaya wa mai gyaran naka ba tare da kun yi musu ba.

Damuwarka tana kan hanya, Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma 11 tana neman TPM 2.0, wato wani ɗan guntun na'urar tsaro a cikin kwamfuta, da furosesa daga ƙarni na 8 na Intel zuwa sama, to naka na 6 shi ya sa take juya maka baya. Amma Windows Server ba wata Windows ce mai ƙarin ƙarfi ba, an gina ta ne don injin da zai zauna a ɗaki yana yi wa wasu kwamfutoci hidima dare da rana ba tare da mutum ya zauna a gabansa ba. Kamar ka sayi tirela ne don kai yara makaranta, za ta kai su ɗin, amma wahalar da kuɗin fa?

Bambancin Standard da Datacenter kuwa kusan duk bai shafe ka ba. Fuska ɗaya ce, gudu ɗaya ne, Datacenter ba za ta sa Word ya buɗe da sauri ko da daƙiƙa ɗaya ba. Inda suka rabu shi ne lasisin Standard ya ba ka damar kunna Windows Server guda 2 na kwaikwayo a cikin injin, wato kwamfuta cikin kwamfuta, ita kuma Datacenter babu iyaka, sannan tana da wasu abubuwa irin su Storage Spaces Direct da ake haɗa ma'ajiyar injuna da yawa ta zama ɗaya, abin manyan kamfanoni da bankuna ke nan. Kuɗin ma shi zai nuna maka ba don gida aka yi ba, Standard ya haura dala 1,000, Datacenter ya haura dala 6,000, kuma ana lissafin lasisin ne da yawan ƙwaƙwalen da ke cikin furosesa, wato core, mafi ƙaranci 16 ko da injinka 4 gare shi. To duk wanda ya ce zai sa maka Datacenter a naira dubu biyu ko uku ka san ɗayan biyu ne, ko dai fasasshiya ce, wato ta sata, wadda ba ka san me aka cusa a cikinta ba, ko kuma ta gwaji ce mai kwana 180, wadda idan wa'adinta ya cika sai kwamfutar ta riƙa kashe kanta duk bayan awa ɗaya kana tsaka da aiki.

Sannan ga ƙananan abubuwan da za su ishe ka tun ranar farko. A Server 2019 da 2022 kana gama sawa za ka ga alamar lasifika da jan kuros, sauti a kashe yake sai ka shiga ka tada shi da hannu, wayales ma sai ka je Server Manager ka ƙara shi, babu Microsoft Store, duk shiga sai ka danna Ctrl da Alt da Delete, in za ka kashe ta kuma ta tsare ka da tambayar dalilin kashewa. Waɗannan duk ana iya gyara su, Server 2025 da ta fito a Nuwamba 2024 ma ta rage wasu, ta zo da wayales da bulutut. Wanda ya fi ciwo shi ne direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta su yi aiki, akwai katin intanet na Intel irin na kwamfutocin gida da direbansa ke ƙin hawa kan Server, haka wasu firintoci da kyamarori, kuma yawancin antibairos na kyauta da sun gane Server ce sai su ce sai ka sayi na kamfani. Gem ɗin yara ma wani zai yi wani ya ƙi.

Na san inda wannan magana ta samo asali, zamanin Vista ne wajen 2008 lokacin da mutane suka gaji da nauyinta suka riƙa sa Server 2008 suna mayar da ita ta tebur, a lokacin akwai ɗan dalili. Yau sauƙin da za ka ji bai kai wanda SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya mai sauri, za ta ba ka ba. In har injin naka tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, sa masa SSD ko 256GB ce, sannan ka gwada Linux Mint 22, babbar manhaja ce da ke maye gurbin Windows, kyauta ce, tana da tallafi har 2029, Zoom da Chrome suna hawa, LibreOffice na buɗe takardun Word. Ka fara gwada ta daga filasha kafin ka goge komai, musamman ka duba gem ɗin yaran da firintarka. Idan kuma aikinka dole sai Windows, to tara kuɗi ka canza zuwa na hannu mai ƙarni na 8 ya fi maka.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne, ina koyon harkar netwok, ana ta ce mana sai mun iya Active Directory. Laptop ɗaya gare ni. In goge Windows 11 in sa Server?

A'a ƙanina, kar ka goge. Kai kam kana da dalilin taɓa Server, amma a cikin VirtualBox za ka sa ta, ko Hyper-V in Windows ɗinka Pro ce, su ne manhajojin da ke kunna kwamfuta cikin kwamfuta. Ka sauke ta gwajin nan ta kwana 180 daga shafin Microsoft kai tsaye, halal ce kuma kyauta, wata shida kuwa ya isa ka koyi abu mai yawa. Standard ta wadatar, Active Directory, wato tsarin da ke kula da masu shiga da kwamfutocin ma'aikata daga wuri ɗaya, da abokan aikinsa DNS da DHCP da Group Policy duk suna ciki. Wurin da nake so ka buɗe ido shi ne lokacin sawa, za a nuna maka zaɓi huɗu, ka ɗauki wanda aka rubuta Desktop Experience a jikinsa, in ka bar na farkon to Server Core ka sa, baƙin allo ne kawai da rubutu, kuma tun daga Server 2016 ba a iya juya shi zuwa mai fuska sai an sake sawa daga farko. Core ɗin ma za ka koye shi daga baya don a wurin aiki ana amfani da shi sosai. Ka yi ƙoƙari RAM ɗinka ya kai 16GB saboda za ka so ka kunna saba ɗaya da wata Windows ɗin a gefe ka shigar da ita cikin domen, wato rukunin kwamfutocin da sabar ke kula da su, a nan ne karatun yake zama a kai.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu, kwamfuta 5, ina so duk su riƙa ajiya wuri ɗaya. An ce in sayi saba. Daga wata 'yar kasuwa a Maraɗi.

Hajiya Allah ya ƙara kasuwa. Kwamfuta 5 ba ta kai a sayi Windows Server ba, don bayan kuɗin lasisin akwai wani kuɗin da ake biya na kowane mutum ko kowace na'ura da za ta shiga, CAL ake ce masa. Akwai nau'in Windows Server mai suna Essentials da aka yi wa ƙananan wurare, mutum 25 na'ura 50 kuma babu CAL, sai dai tun daga Server 2022 ba a sayar da ita ita kaɗai, tare da sabon injin saba take zuwa. Windows 11 Pro da kanta tana barin na'ura har 20 su shiga folda ɗaya da aka raba, to ki ware kwamfuta ɗaya ta zama ma'ajiya, shi ke nan. In kina da yaron da ya iya Linux, Ubuntu Server, wani nau'in Linux, da Samba, manhajar raba folda, za su yi wannan aikin kyauta a kan tsohon inji, in bai saba da baƙin allo ba ya sa Ubuntu Desktop, tushensu ɗaya ne, Samba na hawa kowanne, kuma fitowar 24.04 tana da tallafin shekara 5.

Tsofaffin injunan saba na hannu masu kama da faranti ɗin nan kuma ki bar su ko da an karya miki farashi, ƙarar fankarsu ba ta barin a zauna a shago kuma suna shanye batirin sola. Kuɗin ki sa shi a UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta, saboda ɗaukewar wuta, da faifan waje guda ɗaya da za a riƙa kwafe aikin kwastomomi a kai duk yamma kafin a rufe shago.