Gindin bango ya yi baƙi bayan damina: a shafa fenti ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga unguwar Bagalam a Maradi nake rubuto maka. A watan Agusta ruwa ya shiga ɗakinmu har idon sawu. Mun kwashe shi, amma yanzu gindin bango ya yi baƙi-baƙi, ɗakin kuma warin danshi yake. Ginin ƙasa ne mai yaɓen siminti. Maigida ya ce a shafa fenti, ni kuwa autana tari yake da dare. Me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Ki roƙi maigida ya ajiye maganar fenti tukuna. Baƙin nan hunhuna ce, abu ne mai rai, danshi ke ciyar da ita, kuma kwana ɗaya zuwa biyu sun ishe ta ta kama wurin da ya jiƙe. In aka rufe ta da fenti, bangon zai kumbura ya ɓare, ta sake fitowa.

Abin da ya fi damuna shi ne yaɓen simintin nan. Bangon ƙasa yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi idan ya samu iska. Siminti kuwa toshe masa hanya yake: ruwan da ya hau daga tushe ya maƙale a ciki, ƙasar ta yi laushi, daga waje kuma ka ga bango sumul kamar lafiya lau. Na sha ɓamɓare irin wannan yaɓe in sa yatsa ya nutse kamar cikin tuwo. Ki ƙwanƙwasa gindin bangon da bayan cokali. Inda ya yi amo kamar ganga, yaɓen ya rabu da ƙasa. A kira magini ya cire shi har ya wuce inda danshin ya tsaya, a bar wurin a buɗe ya sha iskar hunturu. In kuwa kin ga tsaga tana ƙaruwa, ko ƙofa ta fara cijewa, kada kowa ya sake kwana a ɗakin. Duk ɗan Maradi ya ga yadda gidajen ƙasa suka zube a ruwan ƙarshen Agustan 2024.

Wanke hunhunar ba wuya. Fitar da yara, buɗe ƙofa da taga, rufe hanci da baki, sa safar hannu. A kan siminti da ƙarfe, a goge da sabulu, sannan a bi da javel, wato ruwan bilic, kofi 1 cikin ruwa lita 4. Kada a haɗa javel da wani maganin wanki, hayaƙinsa guba ne. Farin gari da ke fitowa a bango kuma gishiri ne, in kin zuba shi a ruwa narkewa zai yi. Buroshi busasshe ya ishe shi.

Katifar soso da ta sha ruwan kwata, haƙuri za a yi da ita. Tabarma da tufafi a wanke a shanya a rana. Gyaɗa ko masarar da ta yi hunhuna a zubar, ko dabba kada a ba, domin gubarta hanta take lalatawa, dahuwa kuma ba ta kashe ta. Don Allah kada a kulle ɗaki da garwashi wai don ya bushe. Iskar gawayi tana kashe mutum cikin barci.

Autanki ki canza masa wurin kwana daga yau. In numfashinsa yana shewa, ko ƙirjinsa yana faɗawa ciki, ko ga zazzaɓi, a kai shi asibiti ba jira, ki kuma gaya wa likita halin da ɗakin yake ciki.

Kuɗin fentin nan maigida ya fara kashe su a waje: a ciko ƙasa a gindin bango ta gangara zuwa titi, a ɗaga dokin ƙofa, a ƙara tsawon indararo don ruwan soro ya faɗi nesa da tushe. A gama wannan kafin watan Yuni. Fenti sai bango ya bushe ƙamas, an sake yaɓe, yaɓen ma ya bushe.