Tambayi Likita: An ce ƙashin Hajiya yana da "zafi"

Assalamu alaikum Likita. An yi wa mahaifiyata hoton ƙashi a Abuja saboda ciwon baya, sai muka ga an rubuta "hot spot", wato wuri mai zafi, a haƙarƙarinta na dama. Ƙanena ya duba a intanet, ya ce kalmar ta ƙwayoyin gado ce masu kawo ciwon daji. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ke nan mu ma mun gada? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam. Malama, ki sha ruwa ki kwantar da hankali. Ƙanen naki ya karanta gaskiya, amma ƙofar wani gida ya ƙwanƙwasa. Kalmar ɗaya ce, masu amfani da ita ne daban-daban. Ko masu waya ai suna kunna tasu su raba data.

Ta takardar Hajiya ta masu ɗaukar hoto ce. Kin tuna an yi mata allura, aka ce ta yi ta shan ruwa, ta jira awa 2 zuwa 3 kafin ta hau na'ura? Allurar nan tana ɗauke da sinadarin teknishiyam-99m, mai fitar da wani ɗan haske da ido ba ya gani, kuma duk bayan awa 6 rabin ƙarfinsa ke gushewa. Inda ƙashi ke aikin gyaran kansa, nan sinadarin ke taruwa, sai wurin ya fito a hoto ya fi kewayensa. Shi ne "zafin". Hoton bai san dalili ba: karaya, tsagewa, amosanin gaɓɓai, ƙwayar cuta a ƙashi, ko kuwa dajin da ya bazu, duk haka suke fitowa.

Na taɓa ganin wani dattijo da ɗigo uku masu zafi a jere a hotonsa, haƙarƙari bayan haƙarƙari, kamar an ja layi. 'Ya'yansa har sun fara kuka. Da na matsa da tambaya sai ya ce, "Af, ai na faɗi a kan babur da damina." Ɗigon da suka jeru haka galibi na buguwa ne, na daji sun fi warwatsuwa. A hoton maƙoƙo ma ƙullutun da ya fito da zafi da wuya ya zama daji, mai sanyin ne muka fi bincika.

Wadda ƙanenki ya gano kuwa ta masana ƙwayoyin gado ce. Ki ɗauki ƙwayar gado kamar doguwar hanya mai wata muguwar kwana inda motoci ke yawan kifewa. Wani Ba'amurke, Seymour Benzer, ya nuna haka a 1961: yawancin wurare kuskure, wato canji a rubutun ƙwayar gadon, sau ɗaya ko biyu ya same su, wani wurin kuwa sau ɗaruruwa, shi ne suke kira "hot spot". A ƙwayar TP53, wadda aikinta taka wa daji birki, irin waɗannan kwanoni suna lamba 175, 248 da 273. Akwai kuma ta 249, wadda ta fi damuna, domin gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masara masu hunhuna nan take sara. An sha samun wannan tabo a dajin hanta a Gambiya da wasu sassan Sin, musamman ga masu ciwon hanta nau'in B. Shi ya sa nake faɗa da masu ware ruɓaɓɓiyar gyaɗa su yi ƙuli da ita wai kada a yi asara.

Yawancin irin wannan kuskure a jikin mutum yake aukuwa yana raye, a cikin ƙullutun dajin kawai, ba ya bin jini zuwa 'ya'ya. Kuma hoton ƙashi ba ya ganin ƙwayar gado ko kaɗan.

Ki koma da takardar wurin likitan da ya tura ku. Kafin nan ki tambayi Hajiya ko ta taɓa zamewa a banɗaki ko ta yi tari mai tsanani, don tsofaffi kan ɓoye faɗuwa. Wataƙila likitan ya nemi hoton ƙirji ko na CT, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, a daidai wurin. Kada ku bari ya wuce makon nan. Allah Ya ba ta lafiya.